Wane tsalle zan fara koya wa yarana mata?

Koci_Nima: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina horar da 'yan mata ƙanana wasan alkafura a unguwar Nima da ke Accra, masu shekara 8 zuwa 11. Tun da suka ga Simone Biles, gwanar alkafura ta Amurka, a waya kowacce tsallen Yurchenko take so. Katakon tsalle ɗaya gare mu da katifu tsofaffi. In fara musu shi, ko tsallen Tsukahara?

Hajiya_Aboabo: Wa alaikumus salam. Malam, kada su ja ka da baki. Fara da tsallen gaba, hannu kan teburin tsalle ta wuntsila ta sauka. Yarinya tana ganin teburin da idonta, a nan take koyon gudu da bugun katako da ɗaure ciki. Wadda kafaɗarta ke lanƙwashewa ba ta isa komai ba tukuna.

Baban_Zainab: Gaskiya Hajiya. Yurchenko da baya ake zuwa teburin: juyin gefe, ƙafafu kan katako, sannan hannu ya nemi abin da ido bai gani ba. Ƙafa ta kuskure katako, wuya ne a ciki. Haka ya faru da Julissa Gomez ta Amurka a 1988, shi ya sa a gasa dole a kewaye katakon da katifa ta musamman. Idan ba ka da ita, bar shi. Tsukahara ya fi sauƙi, ai juyin gefe ne a kan teburin kansa.

Koci_Nima: Na gode. To juyin gefen fa?

Hajiya_Aboabo: Wannan koya musu a ƙasa tun yanzu, kullum. Tebur kuma ka rage tsayinsa, santimita 125 na manya ne.