"Sai an gwada akan san na ƙwarai": gwajin wa ake nufi?

Bakatsine: Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan muna gwada manhajar biyan kuɗin makaranta, kullum sai wata ƴar matsala ta ɓullo. Na ce a fitar da ita ga jama'a, shugabanmu ya ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Ni kuwa ina ganin karin maganar nan goyon bayana take yi. Ranar sukuwa ake sanin doki, ba a turke ba. Gwajin gaske yana hannun jama'a.

Ƴar Damagaram: Wa alaikumus salam. Yaya, ka manta da "sauri ya haifi nawa"? Ranar 19 ga Yuli 2024 kamfanin tsaron kwamfuta CrowdStrike ya tura gyaran manhaja guda ɗaya, kwamfutoci masu Windows kusan miliyan 8.5 suka tsaya cak, jirage suka kasa tashi. Da yawa daga cikin kwamfutocin sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya da hannu. Nawar da saurin ya haifa ke nan.

Malam Mai Allo: Ƴata, gaskiyarki, amma babban abin da ya faɗaɗa ɓarnar shi ne an tura wa kowa a lokaci guda. Mai miya takan ɗiga a tafin hannu ta ɗanɗana kafin ta zuba wa gida. Karin maganar ba ta ce a yi ta gwaji har abada ba, ta ce kada ka yabi abu kafin ka gan shi a bakin aiki. Ku dubi Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta: kowane mako yakan fitar da Linux ta gwaji, galibi sau bakwai. In gyare-gyare sun lafa ya saki, in ba su lafa ba ya ƙara na takwas. Ba ya jiran ranar da kuskure zai ƙare ƙaf, don wannan jiran gawon shanu ne.

Bakatsine: Allah ya ƙara ilimi, Malam. To mu fara da makarantu biyu a zangon nan.

Ƴar Damagaram: Ban ƙi ba. Amma kuɗin iyaye ne fa, Yaya. In uba ya biya, an cire masa, rasit bai fito ba, kuna da hanyar gano kuɗin a ranar? Wannan ɓangaren kun gwada shi lokacin da intanet ta yanke a tsakiyar biya?

Bakatsine: Wallahi ba mu gwada wannan ba. Gobe da shi za mu fara.