Neman memori mai yawa a cikin kanel na Linux: me ya sa kmalloc yake ƙi?

Sanusi:
Assalamu alaikum. Ina rubuta direba, wato manhajar da ke haɗa na'ura da kanel (zuciyar tsarin aiki), a Linux domin wani katin ɗaukar bidiyo, kuma ina buƙatar wurin ajiya na megabait 256 inda hotuna za su riƙa sauka. Duk lokacin da na kira kmalloc, wanda ake neman memori da shi a cikin kanel, sai ya dawo mini da NULL, wato bai samu ba, alhali kwamfutar tana da gigabait 16, fiye da rabi kuma babu abin da ke amfani da shi. Don Allah ina kuskurena yake?

Malam Habibu:
Wa alaikumus salam. Memorin yana nan, a jere ne ba ya nan. Shi kmalloc shafuka (ƙananan yankunan da ake raba memori zuwa gare su) da ke manne da juna a cikin RAM yake bayarwa, kuma tsarin buddy, wanda kanel ke rabon shafuka da shi, gungu-gungu yake tara su: 1, 2, 4, 8, har zuwa 1024. Tun da shafi ɗaya a kwamfutoci masu CPU irin x86 kilobait 4 ne, gungu mafi girma megabait 4 ke nan, saboda haka buƙatarka ta wuce iyaka tun kafin a duba ko akwai sarari. Ko megabait 4 ɗin ma yakan yi wuyar samu idan kwamfuta ta daɗe a kunne, domin memori ya riga ya gutsuttsure. Ka buɗe /proc/buddyinfo ka dubi lambobin da ke can ƙarshen dama, su ne manyan gungun da suka rage.

Idan kanel ne kaɗai zai taɓa wurin, vmalloc ya ishe ka, domin yana tattaro shafukan da ke warwatse ya ba su adireshi a jere. Amma shin katin da kansa yake rubutawa ta hanyar DMA, wato kai tsaye cikin RAM ba tare da bi ta CPU ba?

Sanusi:
Na gode, Malam. Na duba, lambobin ƙarshe ƙanana ne ƙwarai. Kuma e, katin ne yake rubutawa kai tsaye.

Zainab:
To, Malam Sanusi, adireshin da vmalloc ya bayar ba zai amfani katin ba, tun da kanel ne kaɗai yake ganin jerin. Ka fara duba takardun katin ka ga ko yana karɓar scatter-gather, wato a miƙa masa jerin guntayen wurare ya cika su ɗaya bayan ɗaya. Ni wannan hanyar na fi so, domin ba ta damu da gutsuttsurewar memori ba. Ka kuma tambayi kanka ko lallai sai dunƙule guda: hoto ɗaya na 1920 sau 1080, a bait 2 kowane ɗigo, kusan megabait 4 ne kawai, don haka kana iya ware wa kowane hoto nasa wurin.

Idan kuwa katin ya nace sai a jere, akwai CMA (Contiguous Memory Allocator), tsarin samar da memori a jere, wanda ya shiga Linux 3.5 a shekarar 2012. Yana keɓe yanki tun lokacin tashin kwamfuta, ya ara wa shafukan da za a iya gusarwa, sannan ya kwashe su idan direba ya nema. Ka tabbatar an kunna CONFIG_DMA_CMA, ka sa cma=300M a layin umarnin kanel domin a sami ɗan rara, sannan ka kira dma_alloc_coherent sau ɗaya lokacin da direban ke tashi.