Shawarwarin 'yan majalisarmu ta hira kan yadda ake farfaɗo da basira

Hirar ta taso ne daga wani mai ɗinkin hula da ya ce kanshi ya tsaya cak, zane ɗaya yake ta maimaitawa, sai kowa ya kawo tashi.

Wadda aka fi jaddadawa ita ce ka fita ka kalla da ido, ka bar dogaro da hotunan Instagram. Malamin makarantar da ke cikinmu ya ce ka je Hasumiyar Gobarau da ke Katsina da yamma ka duba yadda magina suka ɗora ƙasa kan ƙasa, ko ka leƙa gidan tarihi da ke tsohuwar Kwalejin Katsina ta 1922, ko ranar hawan Sallah ka tsaya Ƙofar Soro ka ƙyale mahayan ka kalli adon dawaki, jalala da linzami da yadda dukawa ke haɗa ja da kore, wallahi nan kaɗai zanen shekara guda ne.

Wani dattijo ya ce a riƙa zama wajen tsofaffi ana jin tatsuniya da tarihi, irin na rijiyar Kusugu a Daura, masu rubutu su ne za su fi amfana.

Sai batun ajiya, in tunani ya zo maka ko a Keke Napep ne ka naɗe shi a waya nan take, don in ka ce sai ka isa gida ya gudu.

An ɗan yi gardama kan kwaikwayo, wasu na ganin sata ce. Ni dai ina bayan dattijon, wanda ya ce ba sata ba ce, almajirin maɗinki da kwafar aikin ubangidansa yake farawa kafin hannunshi ya faɗa.