Neman shawara: an kai 'yan aji huɗu A filin jirgi, an bar 'yan B a aji

Assalamu alaikum iyaye 'yan'uwana. Shawararku nake nema, ku yi min uzuri idan na tsawaita.

'Yata tana aji huɗu a wata makarantar kuɗi a nan Kano. Ajin nasu kashi biyu ne, A da B, ita tana B. Zangon da ya wuce makaranta ta kwashi 'yan A a bas aka kai su filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, daga can suka biya gidan zu. Mu iyayen 'yan B aka ce mu yi haƙuri sai zango mai zuwa, wai motar ba za ta ɗauke su gaba ɗaya ba. Muka ce to. Da zangon ya kama sai ga takarda a jakar yarinya: an fasa filin jirgi, wurin wasan yara za a kai su su hau lilo, kuɗin kuma ya fi wanda 'yan A suka biya, wai saboda tsadar mai. Wanda bai biya ba ya zauna a gida ran nan.

Abin da ya fi ci min rai shi ne jarrabawa. Takarda ɗaya aka ba A da B, kuma a ciki aka ce su rubuta labarin ziyarar da suka kai filin jirgi. Yarinyar nan ta zauna ta rubuta abin da ƙawarta ta ba ta labari a a-daidaita-sahu. Da ta dawo ko yunifom ba ta cire ba ta ce min, "Mama, mu daƙiƙai ne shi ya sa aka sa mu a B?"

Babanta ya ce in bar maganar, kada a sa wa yarinya ido. Ni kuma zuciyata ta ƙi kwanciya, don kuɗin makaranta iri ɗaya muke biya da iyayen A, ko kwabo ba a rage mana ba. In je in samu hedimasta ne, ko in jira taron iyaye da malamai, ko in biya in yi shiru?

Wata malamar firamare:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Bari in faɗa miki yadda abin yake daga ciki. Filin jirgi ba wurin da ake zuwa haka kawai ba ne. Sai makaranta ta rubuta takarda tun da wuri, a amsa mata, a ba ta rana, a kuma faɗi adadin yaran da za a shigo da su. Yawanci malami ɗaya ne mai ƙwazo zai yi ta zirga-zirga har ya samo izinin, to ajinsa zai fara sa wa gaba. Idan malamin ɗaya ajin bai bi sawu ba, shi ke nan an wuce wurin. Don haka ba lallai ne a ce da gangan aka ware ku ba.

Amma maganar jarrabawa kuskure ne babba, ba na kare kowa a kai. Ba a tambayar yaro abin da ba a koya masa ba, balle abin da aka hana shi gani. Ta nan za ki shiga, don nan ce gaɓar da ba su da amsa. Ki fara da malamin ajinsu, ki tambaye shi yadda aka ba da maki a wannan tambaya. Daga nan ki nemi ganin hedimasta, ki tafi da 'yar takarda a rubuce, layi biyar ma ya isa. Don Allah kada ki fara zuba maganar a zauren WhatsApp na iyayen aji. Da zarar mai makaranta ya ji an tona shi a bainar jama'a, kare kansa zai shiga yi, gyara kuwa sai dai a manta.

Wani uba:
Hajiya, ni ina bayan maigidanki. Yara ne, sati biyu sun manta. Ranar Asabar ku ɗauke ta da ƙannenta ku kai su gidan zu da kanku, ga shi nan a Zoo Road, kuɗin shiga bai kai abin da makaranta ke karɓa ba. Ba kowace magana ake bi ba.

Uwar 'yan biyu:
Malam, ka yi haƙuri, ban yarda da kai ba. Yarinyar ba kukan zaki ko jimina take yi ba. Ka sake karanta tambayar da ta yi wa uwarta. Ta riga ta fara ɗaukar kanta a ƙasa da 'yan ɗaya ajin, kuma makarantar ce ta koya mata hakan. Ko sau nawa aka kai ta zu ranar Asabar, Litinin za ta koma ta tarar da hoton 'yan A a jikin allon sanarwa suna tsaye a gaban jirgi. Nawa 'yan biyun an raba musu aji, ɗaya A ɗaya B, duk abin da aka yi wa wannan aka hana wancan a gidana ake ƙare rigimar. Yara ba sa manta irin wannan, shiru kawai suke yi.

Wani ɗan kwamitin iyaye da malamai:
'Yar'uwa, mun sha irin wannan a makarantar yarana, har wasu iyaye suka daina gaisawa. Abin da ya raba gardama shi ne mun cire maganar daga hannun malamin aji, muka mai da ita tsarin makaranta. Kowace shekara da wurinta, an rubuta an liƙa. Duk yaron da ya shiga aji uku ya san gidan zu za shi, ko A yake ko B. Aji huɗu Gidan Makama da Dutsen Dala. Aji biyar karofin Ƙofar Mata. Aji shida Gidan Ɗan Hausa. Idan mota ɗaya ce, A su je Talata, B su je Laraba, sati ɗaya, kuɗi ɗaya. Ba a yarda a ce "sai zango mai zuwa" ba, domin wannan kalmar ce mafarin duk wata ɓaraka. Mai zai tashi, malami zai bar aiki, alkawari ya bi ruwa.

Kuma ina so iyaye mu rage raina abin da ke kusa da mu. Gidan Makama yana nan dab da fadar Sarki, gini ne da tarihi ya danganta da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499. Yaron da ake koya wa tarihin Kano a allo zai shiga ya ga kayan yaƙi da tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da idonsa. A Ƙofar Mata na tsaya ina kallon yaranmu sun kewaye rami, wani dattijo ya tsoma farin ƙyalle a ruwan baba ya ɗago shi kore-kore, iska na bugunsa yana rikiɗewa shuɗi a gabansu. Wata yarinya ta ce sihiri ne, malamar kimiyya ta samu darasin sati guda a wurin. Gidan Ɗan Hausa kuma a nan Nasarawa yake, gidan Hanns Vischer, Baturen da ya buɗe makarantar boko a unguwar a 1909. Duk waɗannan a cikin gari suke, man da za a ƙona kaɗan ne, kuɗin da za a ɗora wa iyaye ba zai gagara ba.

Filin jirgi ma yana da kyau, musamman da yake a Kano jirgin sama ya fara sauka a ƙasar nan a 1925. Amma idan wuri ba zai karɓi yaran shekara ɗaya duka ba, gara a haƙura da shi. Ki nemi iyaye uku ko huɗu daga B, da ko mutum ɗaya daga A, ku kai wannan shawara taro. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Wata kaka:
'Yata, Allah ya yi wa yarinyar albarka. Ki nemi haƙƙinta, amma ina roƙonki abu ɗaya: kada matsin ku ya sa makaranta ta ce bari a cusa su duka a mota ɗaya a huta da surutu. Ba mu manta da Bagwai ba, ƙarshen Nuwamban 2021, da jirgin ruwa ya kife da ɗaliban Islamiyya, aka rasa sama da mutum 20, yawanci ƙananan yara, kuma lodi ya wuce kima. Allah ya jiƙansu. Kafin ki sa hannu a kowace takarda ki tambaya: yara nawa a mota, malamai nawa za su bi su, akwai malama mace saboda 'yan mata, a ina za su yi sallar azahar, ƙarfe nawa za su dawo. Ki rubuta lambar wayar babanta a takarda ki sa mata a aljihu. Makarantar da ta ji haushin waɗannan tambayoyi, ki riƙe 'yarki a gida.

Wata uwa:
Ni layin ƙarshe na takardar ne ya taɓa ni, wai wanda bai biya ba ya zauna a gida. Marayu nake riƙo. Bara ɗana ya tashi da asuba ya sa yunifom, yana tunanin ko za a tausaya a tafi da shi. A bakin get ya tsaya har motar ta tashi. Idan za ku je taron, don Allah ku tuna da irinmu.

Ɗan kwamitin ya ƙara da cewa:
Allah ya dafa miki, Hajiya. Mu abin da muke yi, ana raba kuɗin ziyarar kashi uku a bi zango-zango, a ɗan ɗora wani abu kaɗan a kai da sanin kowa. Rarar ita ke biya wa waɗanda ba su da hali. Ma'aji da hedimasta kaɗai suka san sunayensu, ko malamin aji ba a faɗa masa.

Mai neman shawara:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa babanta amsoshinku, ya ce shi zai raka ni. Jiya muka ga malamin ajin, ya amsa cewa tambayar ba ta dace ba, ya ce za a cire makinta a sake lissafi ga 'yan B gaba ɗaya. Maganar filin jirgi ya ce ta fi ƙarfinsa, sai hedimasta. Na samu iyaye uku da suka yarda mu je tare ranar Alhamis, kuma zan sa maganar waɗanda ba su iya biya a takardar. Kuɗin lilon ban biya ba tukuna, Juma'a za a rufe karɓa. Malama, in biya kafin mu gan shi, ko in dakata?

Malamar:
Ki dakata har ku fito daga ofishinsa. Idan ya tsaya a kan lilon, ki biya ta bi 'yan ajinsu, kada a sake barin ta a baya. Sauran maganar ku kai ta taro, kuma ku tabbata sakatare ya rubuta ta a littafin taron.