Yaya ake bambanta smooth jazz da jazz na asali?

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ta yaya kunne zai rarrabe salon kiɗan Amurka biyun nan, smooth jazz da jazz na asali? Ni dai duk busa da ganga nake ji.

Amsa: Wa alaikumus salam. Fara da ganga. A jazz na asali, wanda ya taso a New Orleans ta Amurka, ana raba kowane bugu gida biyu, na farko ya ninka na biyu tsawo, shi ne ke sa kiɗan rangaji. A smooth jazz rabon daidai wa daida ne, cikin kowane bugu huɗu ana dukan na 2 da na 4 da ƙarfi, sau da yawa ma na'ura ce ke kaɗawa.

Amsa: Gaskiyarka Malam, sai kuma busar. A tsohon salo mutum uku ke busa lokaci guda: kakakin Turawa na riƙe waƙar, kilarinet (abin busa mai siririyar murya) na zagaye ta sama, turombon (kakaki mai kaurin murya) na cike ƙasa, kowa na ƙirƙirar nasa nan take. Da mai kilarinet ya sauko muryar kakaki, sai sauti ya cakuɗe. A smooth jazz kuwa abin busa ɗaya, saksofon, ke gaba, irin na mai busan Amurka Kenny G, ƙirƙirar nan take kaɗan ce.

Amsa: Akwai tazarar zamani ma, ɗan'uwa. Faifan jazz na farko ya fito a 1917, smooth jazz kuwa ya bunƙasa ne a gidajen rediyon Amurka a shekarun 1980.