Awa nawa ne daga Kano zuwa Jidda a jirgin sama?

Ɗan Ringim:
Assalamu alaikum. Mahaifiyata za ta tafi Umara, kuma ba ta taɓa shiga jirgin sama ba. A tikitinta an rubuta cewa za a tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano da ƙarfe 11 na dare, a sauka Jidda da ƙarfe 5:30 na asuba, wato awa shida da rabi, alhali wani maƙwabcinmu ya ce shi awa huɗu da rabi ya yi. Inna tana da ciwon gwiwa, shi ya sa nake so in san gaskiyar daɗewar da za ta yi a zaune.

Malamin Gwaram:
Wa alaikumus salam. Malam, da tikitin da maƙwabcin naku duk sun faɗi gaskiya. Agogon Saudiyya yana gaban na Najeriya da awa biyu, kuma a tikiti ana rubuta lokacin tashi da agogon garin da aka bari, lokacin sauka kuwa da agogon garin da aka isa. Ƙarfe 5:30 na Jidda shi ne 3:30 a Ringim, saboda haka awa huɗu da rabi ne. Lissafi ma ya tabbatar da hakan, domin tsakanin Kano da Jidda kimanin kilomita 3,400 ne a miƙe, jirgin fasinja kuma yana cin wajen kilomita 850 a awa ɗaya. Sauran rabin awar a hawa sama da saukowa take tafiya. Ranar dawowa za ka ga akasin haka, tikitin zai nuna kamar awa biyu da rabi kawai aka yi.

Hajiya daga Birnin Kudu:
Ɗana, lissafin Malam daidai ne idan hanya a buɗe take. Hanyar miƙe tana ratsa Chadi da Sudan kafin Bahar Maliya, kuma da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023 aka rufe sararin samaniyarta, sai jiragen alhazai suka koma zagaye. A shekarar na tafi, daga Dutse muka tashi, kuma mun daɗe fiye da yadda aka saba, har ƙafafuna suka kumbura na kasa mayar da takalmina, sai silifas wata baiwar Allah ta ara mini. Ka tambayi wanda ya sayar muku da tikitin ko jirgin kai tsaye ne, domin wasu sai sun yada zango a Alƙahira ko Addis Ababa. Ka kuma nema mata kujerar bakin hanya, ta riƙa miƙewa tana ɗan takawa.

Malamin Gwaram:
Hajiya ta tuna mini da wani abu. Tun da Jidda za ta sauka, idan Makka za ta wuce kai tsaye, jirgi zai gifta miƙati tun yana sama, don haka ta yi wanka ta shirya tun daga gida, ta yi niyya idan aka sanar. Idan Madina za ta fara zuwa, sai a Zulhulaifa za ta ɗauki harami.

Ɗan Ringim:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba, jirgin kai tsaye ne, kuma Makka za su fara zuwa. Gobe da safe zan shiga Kano in nemi a sauya mata kujera, domin ta jikin taga aka ba ta.