Na tsallake zagayen farko na tantance 'yan gasar fiziks, in ci gaba ko in haƙura?

Ɗalibi17: Assalamu alaikum. Na ci zagayen farko na jarrabawar zaɓen tawagar ƙasa ta fiziks. Zagaye na biyu zai zo sati uku kafin jarrabawar kammala sakandare. Ban yi nisa a lantarki da maganaɗisu ba, kalkulas (wani reshen lissafi mai zurfi) kuma yanzu nake koyo da kaina. In raba lokacina ne, ko in fuskanci ta makaranta kawai?

MalamFiziks: Wa alaikumus salam. Ka riƙe dokokin Newton da kyau. A Amurka ma jarrabawar farko, F=ma, tambayoyi 25 ne cikin minti 75, duk a kan motsi da ƙarfi.

Ɗalibi17: Malam, ai na farkon na riga na wuce shi.

TsohonƊanSansani: Ƙanina, ni har sansanin horo na kai, inda ake tace mutum biyar da za su wakilci ƙasa. A lissafi ba wanda nake tsoro. Ranar firaktikal aka ajiye min baniya kalifa (abin auna kauri da tsawon ƙananan abubuwa) da waya da batir, aka ce in auna, in zana giraf, in fitar da iyakar kuskuren awona. Ban taɓa riƙe baniya ba. Na kusa da ni har ya cika teburin awonsa ina can ina jujjuya abin, ina neman inda ake karanta shi. A gasar fiziks ta duniya rubutu tambaya uku ne, maki 30, firaktikal maki 20, kowanne awa biyar. Wanda bai saba da kayan awo ba ya zubar da maki 20 tun bai zauna ba. Na dawo ban shiga biyar ɗin ba, sakamakon makarantata kuma ya sauka. Ga kuɗin rajista da na tafiya da mahaifina ya ranto.

Ummu_Sadiq: Wane kuɗi kuma? 'Yata ba ta biya komai ba, makaranta ce ta ɗauki nauyi.

TsohonƊanSansani: Hajiya, makarantar 'yarki ke nan. Mu mun biya.

MalamFiziks: Kada labarin mutum ɗaya ya karya wa yaro gwiwa. Shekara da shekaru ina shirya ɗalibai.

TsohonƊanSansani: Da girmanka Malam, ka taɓa zama awa biyar a kan tambaya uku?

MalamFiziks: Ban zauna ba, amma na ga da yawa da suka zauna. Ka tuna sharaɗin gasar duniya: kada ɗalibi ya wuce shekara 20, kada kuma ya fara jami'a. Idan yaron nan zai shiga jami'a bana, damarsa ke nan ta ƙarshe.

Dan_Raha: Ni F=ma ɗin ma da farko na ɗauka sunan gidan rediyo ne 😂

Ummu_Sadiq: Allah ya shirye ka. Amma maganar firaktikal ta tsaya min a rai. 'Yata ta ce ɗakin gwajinsu kullum a kulle yake, sai baƙi za su zo a buɗe a share.

TsohonƊanSansani: Namu a allo aka zana mana fendulom (abu mai nauyi da ke lilo a jikin igiya), aka ce mu kwafi awon da malami ya rubuta.

MalamFiziks: Kada ku ɗora wa malamai. Na rubuta takardar neman amita da boltmita, na'urorin auna lantarki, har na gaji, ba a saya ba. Da igiya da dutse da agogon waya nake nuna wa yara yadda ake auna g, wato yadda gudun abu ke ƙaruwa idan yana faɗowa ƙasa, kuma suna samun kusa da 9.8.

Ɗalibi17: Na gode duka. To lantarkin fa, ta ina zan fara?

Ummu_Sadiq: Malam, kuɗin kayan gwajin da ake karɓa a hannun iyaye duk zango, ina yake tafiya?